Sandar Fatsar da Na Zaɓo wa Malam a Alƙahira

Ku matso ku ji. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, da baki nake faɗa ana sa min a takarda, saboda haka yadda ya fito daga bakina haka za ku karɓe shi.

Mun sauka Alƙahira ni da Malam da ɗanmu Haruna, Malam a kan keken marasa lafiya, hannunsa na dama kwance a cinya kamar an ba shi ajiya. Mutumin da ya tsufa yana jefa birgin kamun kifi a kogin Kwara, mutumin da ba a zancen giwan ruwa a Yawuri ba a ambaci ƙofar gidansa ba, shi ne wani ma'aikacin filin jirgi yake turawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana waya. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a cikin kwalekwale. Ƙafa ta ɗan dawo tun muna gida, baki ma ya dawo, hannun ne ya ƙi. Da 'ya'ya suka gaji da yawon asibitoci, suka haɗa kai suka ce Masar.

Wanda ya tarye mu ɗan ƙasarmu ne, ana ce masa Ustaz Bala. Karatu ya kai shi tun da daɗewa, ko ya gama ko bai gama ba Allah ne masani, ya koma tafinta, yana kai marasa lafiyan da suka zo daga gida wajen likitoci. Farar jallabiya, turare, carbi a hannu, Mama kaza Mama kaza. Ya ɗauke mu zuwa wata unguwa da ake kira Abbasiya, ya tsaya gaban wani dogon bene, ya nuna can sama ya ce ga masaukinmu. Injin hawa ya lalace, ƙura ta rufe ƙofarsa. Mai keke aka kama wa ɗaki a can ƙololuwa, alhali tun muna gida an gaya masa halin da mutumin yake ciki. Na tambaye shi ko bai ji saƙon ba ne, ya dafa ƙirji ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Haruna da mai gadin gidan suka ciccibi Malam suka hau da shi. Tun daga matakalar farko ya rufe idonsa, bai buɗe ba har aka kwantar da shi. Ni ina biye da takalmansa a hannu.

Haruna bai daɗe ba, aiki ya kira shi, ya koma. Aka bar tsoho da tsohuwa a garin da ko ruwa ban iya tambaya ba.

Garin nan ba ya shiru. Hon na mota tun asuba, hayaƙi, mutane kamar an buɗe ƙofar kasuwa ba a rufe ba. In na sauka sayen burodi, samari a bakin shago su riƙa kiran wani abu suna dariya, suna nuna fatar hannunsu suna nuna ni. Ban san kalmar ba amma na san abin da ake nufi. Da furfurata. A ƙasar da tun ina yarinya nake jin malamai suna ambatonta da girmamawa. Na kan dawo in zauna a bakin gado in rasa wanda zan gaya wa, don wanda zan gaya wa ya juya fuska bango.

To, ga abin da ya fi komai ci min rai. Malam ya daina cin abinci. Ba don ciwo ya hana shi haɗiya ba. Ya ce shi tun da uwarsa ta yaye shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba, hannun tsarki hannun tsarki ne. Na ce to in ba shi a baki. Ya dube ni, dubawar da ban so in sake gani ba. Kunu kaɗai yake sha, shi ma sai na ajiye kofin na fita daga ɗakin. Yadda yake sha ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wuyansa ya zama kamar na zakara, zobensa ya riƙa zamewa.

A asibiti wata likitar gashi aka ba mu, irin masu gasa gaɓoɓi su motsa su, mace mai haƙuri. Ta murza hannun, ta sa masa wuta mai tsikari, ta ba shi wata ƙwallon roba ja ta ce ya riƙa matsawa. Malam ya bar ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado. Ya ce shi ba ɗan goye ba ne. Kullum muka je likitar ta yi magana mai tsawo, tana nuna babban yatsansa, tana girgiza kai, sai Ustaz Bala ya juyo ya ce min, “Ta ce alhamdu lillahi, a ci gaba da zuwa.” Ni ban iya Larabci ba amma na iya mutane. Maganar da ta cika kwarya ba za ta koma cokali ɗaya ba.

Allah ya haɗa ni da Batula a kan matakala. Ina hawa da ledar cefane, gwiwa ta ƙi, na zauna ina tsine wa wanda ya gina benen da Hausa, sai na ji an ce amin daga bayana. Na juya na ga mace baƙa kamar ni, ta naɗe jiki da lafaya. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun tashi daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gari. Yaƙi ya koro ta Masar. Ɗakinta yana ƙarƙashin namu daidai, turaren wuta take sayarwa, tana yi wa amare lalle. Hausarta irin ta kakata ce, da Larabci a cakuɗe. Ranar na yi kuka a ɗakinta, ta ba ni shayi mai kanumfari, ba ta ce in yi shiru ba.

Ita na roƙa ta raka mu asibiti ranar da Ustaz Bala ya ce yana da wasu baƙi. A ranar na ji abin da likitar take faɗa tun farko. Ta ce jijiyar hannun ba ta mutu ba, babban yatsan ma yana amsawa, amma in shi da kansa bai motsa shi ba, nan ba da jimawa ba hannun zai ƙage ya bushe a haka, babu likitan da zai buɗe shi. Ta ce ta sha faɗa cewa zuwan da muke yi asara ce in dai ba zai riƙa motsa hannun a gida ba. Ashe duk zuwan da muka yi Ustaz Bala yana da nasa kason, shi ya sa alhamdu lillahi ba ta ƙarewa a bakinsa. Ɗan ƙasarmu. Mai jan mu salla in ya zo.

Na kira Haruna na gaya masa, ya ce, “Inna, ku dawo gida kawai.” Na ce masa a'a. Na san mutumin da na aura. In na mayar da shi Yawuri da hannu a naɗe, aka ajiye shi a inuwa yana kallon ƙannensa suna tura kwalekwale, ba zai ga wata damina ba.

A hanyar dawowa daga asibitin ne motarmu ta maƙale a cunkoso a kan wata gada. Ƙarƙashinmu Kogin Nilu ne, faffaɗa, mai duhu. A bakin gadar ga maza sun jingina da ƙarfe, kowa da doguwar sandar fatsa mai ɗan inji a gindi. Malam da ba ya ɗaga kai a mota, ya ɗaga. Ya bi zaren wani mutum da ido har inda ya faɗa ruwa. Sai na ji ya yi tsaki ya ce, “Ba nan kifin yake ba. Da ya matsa gindin ginshiƙin.” Batula ta dube ni, na dube ta. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon wannan har na manta.

Da Ustaz Bala ya zo washegari, ban nuna masa na san komai ba tukuna, na ce ya sayo min sandar fatsa irin ta mutanen gada, mai kyau, ta manya. Ya yi dariya har carbinsa ya faɗi, ya ce Mama ashe yawon shaƙatawa muka zo. Amma ya karɓi abin da na ba shi. Ya dawo da wata aba mai zuguwa kamar eriyar rediyo, ja da ruwan ɗorawa, ya rantse daga babban kanti ya sayo ta. Irinta na gani a shimfiɗe a ƙasa a bakin tasha, tare da tocila da farcen roba. Na kai wa Malam. Ya dube ta sau ɗaya ya ce in ajiye wa jikokina, ya koma bango.

Ranar na sallami Ustaz Bala a bakin ƙofa. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa na ji abin da likita take faɗa, na kuma ga abin da ya sayo, ya je, ni da shi sai gaban Wanda ba ya buƙatar tafinta. Ya fara ma'alish, na rufe ƙofa.

Batula ta tambayo wani direba, aka ce mata akwai kantin kayan su, wato na kamun kifi, a unguwar Muhandisin, can ƙetaren kogi. Muka bar Malam yana barci bayan azahar muka fita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan bas, sannan ƙafa. A taragon mata wata yarinya ta tashi ta ba ni wurinta, ta gyara min mayafi da ya zame, ta kira ni Hajja. Ina faɗar wannan don kada a ce na rufe alherin mutanen.

Kantin nan, sanduna a jere tun daga ƙasa har rufi kamar karan dawa bayan girbi, sai ƙyalli suke. Kifayen roba kala-kala a rataye, kowanne da ƙugiya a ciki. Mai tsaron kantin, wani ƙato mai gashi a shafe da mai, ya dube mu daga sama zuwa ƙasa ya faɗi wata magana. Batula ta ƙi fassara min sai da na matsa, ta ce cewa ya yi ba a ba da sadaka a nan. Na ce ta gaya masa saye muka zo, kuma ni 'yar masunta ce matar masunci uwar masunta. Ya ɗaga kafaɗa, ya riƙa bin mu a baya kamar za mu sa sanda a zani mu gudu.

To, a nan ne abin ya faru. Mu a wurinmu, in za ka zaɓi gorar fatsa, ba a zaɓenta da ido. Tun ina ƙarama nake bin babana yankan gora. Ka kama gindin da hannu ɗaya, ka kama kan da ɗaya hannun, ka tanƙwaro kan har ya kusa sumbatar gindin. In ta yi ƙara, ka yar. In ta koma ta miƙe sak, ta yi. Ba mahaukacin da zai ɗauki gora ya shiga ruwa bai yi mata haka ba. Na ga wata baƙa siririya mara nauyi, na zaro ta, na kama gindi, na kama kai, na tanƙwaro.

Ƙas. Kan ya rage a hannuna na hagu, sauran a dama.

Ni a raina na tona musu asiri ne. Na ɗaga guntayen na nuna wa Batula na ce ta gani, kayan banza suke sayarwa, da a ruwa ne da giwan ruwa a baki fa? Na ajiye, na miƙa hannu zan zaro ta biyu in gwada. A nan ƙaton ya yi kururuwa ya riƙe min hannu. Ya riƙe min hannu, ni da ko surukaina ba sa haɗa ido da ni. Mutane suka taru a ƙofa, kowa da abin da yake faɗa, ana ambaton 'yan sanda. Batula tana rantsuwa da Larabci tana kuka, don ita takardunta na zama ba su gama fitowa ba, kalmar 'yan sanda kaɗai ta isa ta kaɗa mata hanji. Wannan ne ya sa na yi sanyi, ba don na yarda na yi laifi ba.

Sai wani tsoho ya sauko daga wani ɗan bene a cikin kantin, gajere, da tabarau a rataye a wuya. Shi ne mai wurin, Ammu Sabri suke ce masa. Ya ce a sake ni, aka sake ni. Ya ɗauki guntayen ya duba, ya tambayi yadda aka yi, na nuna masa da hannu. Ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ce wannan ba itace ba ce, wani abu ne aka narka aka yi ta kamar bututu, an yi ta ne ta lanƙwasa gaba ɗayanta a hankali in kifi ya ja, amma in aka kama kan aka karyo shi wuri ɗaya, ko wadda ta fi kowacce tsada a duniya sai ta ɓalle. Na ce sandar da ba ta jure hannun tsohuwa ba, ina za ta jure kifi? Ya ce duk da haka sai na biya.

Na biya. Ba zan faɗi nawa ba, kuma har yau ban ga dalilin da za a jera abu a gaban mai saye a hana shi gwadawa ba.

Da na biya sai ya sa aka kawo kujeru da shayi. Ya tambayi abin da ya kawo tsohuwa kamata kantin kayan su. Na ba shi labarin Malam, Batula tana juyawa, tun daga kwalekwale har ƙwallon roba. Ya saurara yana jujjuya kofi. Ya tambayi irin kifin da Malam yake kamawa, na kwatanta masa giwan ruwa, ya ce ya san shi, suna da shi a babban tafkinsu na kudu, kifi ne mai fizga ya nufi duwatsu. Ya ce irin wannan yana son sanda mai tauri daga gindi zuwa tsakiya, mai laushi a kai kaɗai. Ya nuna min yadda su suke gwadawa. Ya zura zare ta cikin zobban sandar, ya riƙe bakin zaren, ya ce in ɗaga a hankali. Na ɗaga, na ga inda ta fara rusunawa da inda ta ƙi. Muka yi wa sanduna da dama haka. Wata ta rusuna tun daga hannuna kamar bulala, na ce a'a. Wata ta ƙi rusunawa sam kamar muciya, na ce a'a. Wata ta yi, amma nauyinta zai gajiyar da hannun da ba ƙarfi. Doguwa ma na ƙi ta, don mutumin a zaune zai fara.

Sannan ya kawo injinan naɗe zaren, makana suke ce musu, iri biyu. Ɗaya tana rataye a ƙarƙashin sanda. Ya ce wannan ita ce ta Malam, ba ta da wuya, ko da hagu zai jefa, zaren da kansa yake fita ya tsaya. Ɗayar tana zaune a saman sanda, da kwarkwaron zare a fili kamar na keken ɗinki. Ya ce wannan kada ma in dube ta. Sandarta ma daban ce, tana da ɗan ƙaho a ƙarƙashin mariƙi inda ake maƙala yatsa. Na ce ya nuna min dalilin da ba zan dube ta ba. Ya ɗaura dalma a bakin zaren, ya danna wani abu, dalmar ta sulale, kafin ta taɓa ƙasa ya ɗora babban yatsansa a kan kwarkwaron, ta tsaya cak. Ya sake yi bai ɗora yatsan ba. Dalmar ta bugi ƙasa, kwarkwaron ya ci gaba da juyawa, zaren ya cukurkuɗe kamar gashin da aka daɗe ba a tsefe ba. Ya ce duk aikinta a babban yatsa yake, masu lafiya ma tana kunyata su.

Na ce ita nake so.

Ya cire tabarau ya ce wa Batula ta tabbata na fahimta. Ya ce zalunci ne a ba mai shanyayyen hannu wannan, zan ƙara karya masa zuciya ne. Na ce ta gaya masa shi ya san sanda, ni na san mijina. “An ba shi mai sauƙi a asibiti, tana ƙarƙashin gado. In na kai masa abin da zai yi da hagu, na gaya masa ke nan dama ta tafi. Ba ni wadda za ta ba shi haushi.”

Ya mayar da tabarau. Sannan ya tashi da kansa ya zaɓo makana mai mariƙin juyawa a hagu, don dama ta riƙe sanda, yatsan ya zauna a kan zare. Ya haɗa ta da sandar da na gwada na zaɓa cikin masu ƙahon nan, ya ce ƙahon zai hana ta zamewa daga hannu mai rauni. Ya ƙara min dalma da kifin roba ɗaya da wani ɗan tsinken ƙarfe na warware zare, bai karɓi komai a kansu ba. Ya ce za mu buƙace shi.

Na shiga ɗaki na jingina ta a bango inda Malam yake kallo. Na nuna sau ɗaya yadda ake sakin dalmar a tare ta, ni ma ta cukurkuɗe min. Na ce, “Mai kantin ya ce ba taka ba ce, ta masu babban yatsa ce. Na ce a bar ta nan, in Haruna ya zo ya ɗauka.” Na fita na shiga kicin, na daɗe ina wanke tukunyar da ba ta da datti.

Ranar bai taɓa ta ba. Washegari ma haka. Na fara cewa a raina tsohon Balaraben nan ya fi ni gaskiya, na zubar da abin da 'ya'yana suka tara a kan sanda uku, ɗaya ta yara, ɗaya karyayya, ɗaya ta ado. Sai wata safiya ina shanya a baranda na ji ƙwas. Dalma ta bugi ƙasa. Na ji tsaki. Shiru mai tsawo, ana warwara. Sannan ƙwas.

Haka muka shiga wani sabon zama. Da hagu yake ɗaukar hannun daman ya ɗora a kan mariƙin, ya maƙala yatsa a ƙahon, ya danna, dalma ta faɗi, zare ya cukurkuɗe, ya zagi sandar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya zagi yatsan kamar wani yaron gidansa da ya ƙi aike. Warwarar ma sai da hannu biyu take yiwuwa, dole daman ta danne hagu ta tsefe. Gumi ya riƙa jiƙa masa riga. Ni ban ce sannu ba, don na san sannu ɗaya za ta mayar da shi bango. Batula a ƙasa ta ce tun safe har la'asar kamar ana daka a kanta, amma kada in kuskura in shimfiɗa darduma a wurin.

Ran nan da hantsi sai ga ta ta hawo a guje, ba lafaya, tana haki. Ta ce bugun ya tsaya tun ɗazu, ta ɗauka wani abu ya faru. Muka leƙa tare. Malam yana zaune a bakin gado, jijiyoyin wuyansa a miƙe, dalmar tana lilo a sama da ƙasa kaɗan, babban yatsansa a danne kan zare yana rawa. Ya naɗe, ya sake saki, ya sake tarewa. Bai dube mu ba. Ya ce, “Kulu, hannun nan rawa yake. Akwai tuwo?”

Na tuƙa na semo, Batula ta kawo busasshiyar kuɓewa irin tasu. Na ajiye masa zan fita, ya ce in zauna. Da dama ya ci. Rabin lomar a tabarma, miya har gwiwar hannu, yatsu uku ba su buɗe ba, da babban da manuni yake tsinkowa. Na kafa idona a kan taga har ya gama.

Likitar gashi da ta ga hannun ta sa muka kawo mata sandar asibiti ta gani. Daga nan gashin ya fara ci, don yanzu yana yin abin da ta ce, ko da yake ƙwallon dai bai taɓa ta ba. Da ƙafa ya fara sauka benen, yana hutawa a kowane hawa.

Kafin mu dawo gida muka kai shi bakin Nilu ta wajen Ma'adi, inda akwai itatuwa da wurin zama. Jifan farko zaren ya tashi kamar audugar da aka sheƙe, wasu masu fatsa a gefe suka yi dariya. Ya zauna ya warware. Na biyu ma haka. Can sai ya gyara tsayuwa, ya kai sandar baya, ya sako. Kifin robar ya tafi, ya tafi, zaren yana kuka, yana taɓa ruwa yatsan ya sauka. Babu cukurkuɗa ko ɗaya. Masu dariya suka yi shiru. Bai kama komai ba ranar, ko karfasa.

Ina jira in ji abin da zai ce min, ni da aka riƙe wa hannu a gaban jama'a saboda shi. Ya naɗe zarensa a hankali, ya auna sandar da ido, ya ce ta yi gajarta da taƙi guda, kuma kan ya cika laushi, wanda ya zaɓo ta bai san giwan ruwa ba.

Jinina ya hau har kunne. Na ce kantin yana nan a Muhandisin bai tashi ba, tunda yanzu yana da ƙafa da hannu, ya je ya zaɓo da kansa.

Ya kuwa je. Ya hau jirgin ƙasa, ya hau bas, sandar fatsar a hannun dama, Batula tana yi masa tafinta, ni na ƙi bin su. Ta ce tun bayan azahar suke musu shi da Ammu Sabri, an sauko da rabin kantin, an sha shayi an sake sha, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa bai san kifi ba. Gab da magariba na ji tafiyarsa a matakala. Na buɗe ƙofa na dubi hannunsa. Ita ce dai, wadda na zaɓo. Ya wuce ni ya jingina ta a bango, ya ce sauran duk sun fi ta lalacewa.